Rautar Alhaji Barau

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ya tara mu a wannan fili da ranmu da lafiyarmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Garuruwa Huɗu, babanmu Alhaji Shehu. Wakilan iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni. Shugabannin rugage da suka baro dabbobinsu suka amsa kira. Malamanmu na allo da na boko. Iyalan marigayi Alhaji Barau, ƙarƙashin babban ɗansa Alhaji Bilal. Shugaban wannan cibiyar jarrabawa, Malam Hamza. Iyayenmu mata da ke zaune ta wancan gefe. Matasa maza da mata. Jama'ar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ina yi muku sallama irin ta addinin Musulunci, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni wannan dama, alhali akwai waɗanda suka girme ni a shekaru da sani. Ina godiya ga duk wanda ya sa hannu aka gina wannan cibiya, daga mai ba da fili zuwa mai ɗebo ruwan kwaɓa siminti, domin 'ya'yanmu su daina kwana a tasha a garuruwan mutane saboda jarrabawar shiga manyan makarantu. Ga wanda bai san ni ba, sunana Abdulfatah, haifaffen Gagarawa Tasha, kuma ni ne mai kula da kwamfutocin da ke cikin wancan ɗaki da kuke ba baya.

An ce in taso in bayyana muku abin da ya lalace a jikin babbar kwamfutar cibiya, wadda muke kira saba, domin a kafa gidauniya a sayo wata. Ranka ya daɗe shugaban taro, ka yi mini afuwa, ba zan iya wannan bayani ba. Sabarmu lafiyarta ƙalau. In kun sayo wata, abin da ya kayar da wannan shi zai kayar da ita, ni kuma in sake tsayuwa a gabanku baɗi da wannan fuska tawa. Na zo da magana huɗu, kuma ina gaya muku tun yanzu cewa ban zo da kyakkyawan zato a kan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Magana ta farko, aikin da aka ɗauke ni in yi. A bayan saba akwai ƙofofi biyu da ake jona waya. Ɗaya ta waje ce: ta nan tambayoyi ke saukowa daga hukumar jarrabawa, ta nan kuma amsoshin yara ke komawa. Ɗayar ta ciki ce: daga ita waya ke fita zuwa akwatin rarraba wayoyi, daga akwatin kuma kowace kwamfuta a ɗakin ta samu tata. Aikina shi ne saita waɗannan ƙofofi. In ba kowace ƙofa adireshinta, in hana abin waje kutsowa ciki, in kuma tabbatar da cewa a cikin ɗakin nan saba ce kaɗai mai raba lamba. Domin duk kwamfutar da aka kunna, abin da take fara yi shi ne ta yi kira a cikin waya, wa zai ba ni lamba? Wanda ya riga amsawa, shi take bi, ba ta tambayar ko wane ne. Ku ɗauka gidan biki ne, baƙo ya sauka, wanda ya fara kama hannunsa shi zai kai shi masauki. In mai nuna masauki ɗaya ne, kowa zai kwana inda aka shirya masa. In sun zama biyu, kuma ɗayan bai san gidan ba, to rabin baƙi a kango za su tsinci kansu. Wannan aiki na yi shi, na gwada shi, ya zauna daram, kuma duk wanda ya san sana'ar yana iya shiga ya duba.

Magana ta biyu, kyautar marigayi. Kowa a nan ya san Alhaji Barau. Filin da muke zaune a kai nasa ne, daga cinikin shanu na kasuwar Maigatari ya same shi, ya kuma bayar ba tare da an roƙe shi sau biyu ba. Ni kaina, da mahaifina ya rasu, shi ya riƙe hannuna har na gama makaranta. Don haka duk abin da za ku ji daga bakina, ku sani ɗansa ne ke magana.

Ana gab da buɗe cibiya, Alhaji ya je Damagaram, ya ga wata 'yar na'ura a ofishin abokinsa, fara, mai ƙahonni biyu, da koriyar fitila tana ƙiftawa. Rauta ake ce mata. Ya sayo irinta a kwalinta mai rubutun Faransanci, ya kawo da hannunsa, bai aiko kowa ba. Ya ce da ni, "Abdulfatahi, ga tsaraba na kawo wa yara. An ce mini in dai fitilar nan tana ƙiftawa, ilimi ne ke shiga." Ya tsaya har aka jona ta a gabansa, ya ga ta ƙifta, ya yi dariya irin tasa har rawaninsa na girgiza. Tun daga nan, in ya shigo Gumel sai ya biyo, ya leƙa ta taga, ya ce alhamdu lillahi, ya wuce.

Rauta abin kirki ce a gida ko a shago. Amma ita ma mai raba lamba ce, ga ta da saurin baki. Kafin saba ta amsa, ita ta riga ta amsa. Kuma a bayanta babu tambayoyi, babu hukuma, babu komai. Kwamfutar da ta karɓi lambarta ta ɓata ke nan: tana ɗaki ɗaya da saba, amma ba ta ganinta. Na nemi a bar ni in je in yi wa Alhaji bayani, domin na san shi, mutum ne da zai ce a cire kafin in rufe baki. A lokacin ciwo ya kwantar da shi, kwamitin cibiya ya ce a bari ya samu sauƙi tukuna. Bai samu ba. Allah ya jiƙansa. Ranar da aka binne shi, rautar ta tashi daga na'ura ta koma sadaka mai gudana, kuma daga ranar ta fi ƙarfina.

Kun san abin da ya faru bara. Na cire ta kafin jarrabawa, na ajiye a gefe. Da safe iyalan marigayi suka zo su shaida jarrabawar farko a cibiyar da mahaifinsu ya yi wa wahala, wani ya ga bai kyautu su tarar da fitilar a mace ba, ya mayar da wayar. Ba zan kira sunan mai hannun ba, domin in bai yi ba, da wani zai yi, kuma kowannenku ya san haka a ransa. Aka kunna kwamfutoci, aka ce yara su fara. Wasu tambayoyinsu suka fito, wasu kuma allonsu ya tsaya yana ta juyi. Ina can ina duba ƙofar waje, ina zaton daga hukuma ne, sai wata yarinya da ke kujerar bakin taga ta ɗaga hannu a hankali, ta ce, "Malam, tawa ta ƙi." Kafin in bi waya in gano, in cire, in sake kunna ɗaki, lokaci ya tafi, agogon hukuma kuwa ba ya jiran kowa. Hukuma ta dakatar da mu. Jibi masu dubawa za su zo gwaji na ƙarshe. In muka faɗi, an share sunan cibiyar nan ke nan.

Magana ta uku, abin da na gwada, domin na ji ana cewa ai da yaron ya san aikinsa da ya samo dabara. Na samo, ba ɗaya ba.

Na shiga cikin rautar da taimakon wani ɗan Maigatari mai jin Faransanci, na kashe mata raba lamba, na bar ta tana ƙiftawarta. Muka zauna lafiya har ranar da ta ɗan sandare bayan an ɗauke wuta. Wani mai son taimako ya sa tsinken sakace a ɗan ramin da ke bayanta, kamar yadda ya ga ana yi a shagon masu waya, ta manta duk abin da na koya mata, ta koma halinta na kwali. Na sake gyarawa, aka sake sa tsinke.

Na sa mata wata waya da ta zagaya bayan kabad ba ta je ko'ina ba, don ido ya ga a jone take. Malam Hamza ya lura fitilar tana ci amma ba ta ƙiftawa, ya bi wayar da hannu har ya tarar da bakinta a ƙasa. Ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, wallahi idonsa da ƙwalla. Ya ce, "Abdulfatah, mamaci za mu yaudara? Sadakar da ba a amfani da ita, ta ina ladanta zai kai masa?" Malam, har yau ba zan ce ka yi mugunta ba.

Na sa wa saba ƙofa ta uku, na keɓe wa rautar ita kaɗai a ofishin baya, inda za ta yi wa malamai amfani ba tare da muryarta ta kai ɗakin jarrabawa ba. Wannan ita ce hanyar da ta dace, kuma ta yi aiki. Sai aka yi baƙi, aka ce ina kyautar Alhaji, aka ce tana baya, aka ce haba, kayan mai fili ne za a ɓoye a bayan ɗaki kamar tsintsiya? Aka ɗauko ta aka ɗora a teburin gaba. Wayar ofis ba ta kai can ba, sai aka jona ta a ramin da ya fi kusa, wato akwatin rarraba wayoyin ɗakin jarrabawa.

Da raina ya ɓaci, na ɗauke ta na kulle a durowa, na sa makulli a aljihu. Kafin la'asar labari ya kai Maigatari ya dawo Gagarawa Tasha, wai yaron da Alhaji ya riƙe ya zubar da kayansa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Mahaifiyata ta kira ni a waya, ta ce, "Ka mayar, ko kuwa kada ka zo gaishe ni." Na mayar.

Daga nan na fara yawon neman izini. Na je wurin shugabanmu Alhaji Shehu, ya ce magana ce ta cikin cibiya, in ga Malam Hamza. Malam Hamza ya ce magana ce ta addini, in ga liman. Liman, Allah ya saka masa da alheri, ya ce babu laifi a kawar da abin da ke cutarwa, amma ladabi ne a sanar da iyali. Na je wurin Alhaji Bilal, ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo fura, ya ce, "Ai mu mun bar wa kwamiti komai." Na dawo kwamiti, aka ce a bari a yi taro. Ga taron nan an yi, kuma abin da aka rubuta a takardar gayyata shi ne sayen saba. Jama'a, babu wanda ya ce mini a'a, babu kuma wanda ya ce mini i. Kowa ya yi mini kirki, kowa ya raka ni bakin ƙofa, kowa ya ce Allah ya yi mini albarka. Kunyar nan tamu da muke alfahari da ita, wadda ta hana ƙarami ɗaga ido a gaban babba, wadda ta hana a mayar da kyauta, wadda ta hana a ambaci mamaci sai da alheri, ni ban raina ta ba, a cikinta aka haife ni. Amma yau ita ce ta zauna a kan ƙofar cikin sabarmu, kuma ban san yadda ake saita ta ba.

Magana ta huɗu, ita ce ta hana ni cin abinci yau. Yarinyar nan ta bakin taga sunanta Ummulkhair. 'Yar Baffa Haladu ce, daga wata ruga a arewacin Sule Tankarkar. Likitan dabbobi take so ta zama, domin ta gaji da ganin shanun gidansu suna mutuwa kafin mai allura ya iso. Kun san al'adarsu: in an gama girbi, rani ya kama, gida duka kudu yake bi da garke, kuma inda suke zuwa babu gari tsayayye da za a ce a nan za a yi rajista. Baffa Haladu ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya tura 'ya'yansa maza da garke, shi ya zauna da iyali da 'yan shanun tatsa, yana sayen harawa da tsada, don 'yarsa ta zauna jarrabawa a Gumel, inda zai kawo ta da safe ya koma da ita da yamma. Danginsa sun yi masa dariya, ya shanye.

Da abin ya faru bara, waɗanda iyayensu ke da hali sun je garuruwa masu nisa sun sake. Ita ba ta je ba. Mahaifinta ya zo ya same ni a nan, ya tsuguna a inuwar wancan bango, ya ce in gaya masa gaskiya, laifin 'yarsa ne? Na ce a'a, Baffa. Ya ce to na wa ne? Ban iya yi masa dogon bayanin da na yi muku ba. Na kai shi bakin taga na nuna masa, na ce, "Ka ga wancan farin abu mai koriyar fitila? In ka ga fitilar a mace, jarrabawa za ta yiwu. In ka ga tana ƙiftawa, ba za ta yiwu ba." Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "To ai kashe fitila ba wuya." Ya ce zai ƙara shekara ɗaya.

Ya ƙara. Ummulkhair ta ci gaba da zuwa nan gwada hannu a kwamfuta duk mako, a motar haya in an samu, a ƙafa zuwa bakin titi in ba a samu ba, kuma kullum kujerar bakin taga take zama. Bana ciyawa ta ƙare da wuri, rijiyarsu ta ja baya, shanun tatsar sun fara nuna haƙarƙari, 'ya'yansa suna ta kiransa daga kudu. Makon jiya Baffa ya ce da ni ba zai iya riƙe gida a wofi ba sai da dalili. Na ce ya dakata, za a yi taro, manya za su yanke magana. Ya ce zai zo ranar taron ya gani da idonsa.

Jiya na cire wayar kafin in tafi gida. Yau da safe na iso na tarar an share ɗaki, an shimfiɗa wa teburin gaba sabon yadi, an goge rautar tas, an jona ta, saboda iyalan marigayi za su zo. Na tarar da Baffa Haladu a bakin taga da sandarsa, ya riga ni isowa. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, tana ƙiftawa." Na ce Baffa, ka bari a yi taro, zan cire ta kafin jibi. Ya ce, "Jibi 'ya'yan mai ita za su zo tarbar baƙi?" Na ce za su zo. Ya ce, "To mutanen da suka kasa kashe ta yau, jibi ma ba za su iya ba. Ban ga laifin kowa ba. Amma shanuna ba su san kunya ba, yunwa suka sani." Ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce sun riga sun ɗaure kaya, da an yi azahar za su ɗaga.

Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayena, abin da na zo roƙo ƙarami ne, har ina jin nauyin faɗinsa a gaban wannan taro mai girma. Ba saba nake roƙo ba, ba injin wuta ba, ba ƙarin albashi ba. Mutum ɗaya nake roƙo, babba, wanda ba za a kai ƙararsa wurin mahaifiyarsa ba, ya tashi a gaban jama'a ya shiga ɗakin nan ya zare waya ɗaya, ya ce ni na zare, kada wanda ya mayar. Alhaji Bilal, mahaifinka ilimi ya so ya shiga, ba fitila ya so ta ƙifta ba. Malam Hamza, ladan da kake jiye masa yana cikin yaran da za su ci jarrabawa a filinsa. Na faɗi wannan a ɗakunanku ɗaya bayan ɗaya, yau na faɗa a fili, kuma ina kallon fuskokinku. Na ga kowa ya sunkuyar da kai, na ga kowa yana jiran na kusa da shi. Na san yadda za a tashi: za a yaba mini, za a kafa ƙaramin kwamiti, za a ci abinci, a yi addu'a. Jibi da safe wani mai kyakkyawar zuciya zai ga baƙi sun iso, ya ga bai kyautu ba. Ni zan zo, zan cire, zan tsaya a kan wayar da ƙafata in ta kama, amma ba zan iya tsayuwa a kanta har abada ba, kuma na gaji.

Allah ya jiƙan Alhaji Barau, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi ladan niyyarsa cikakke, kada ya kama shi da abin da muka yi da kyautarsa. Allah ya saka wa iyalansa da alheri. Allah ya ƙara wa shugabanninmu lafiya, ya ba su ƙarfin zuciyar faɗin abin da suka sani. Allah ya ba garuruwanmu huɗu damina mai albarka da zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya tsare Baffa Haladu da iyalinsa a hanya, ya haɗa su da ciyawa da ruwa.

Ga shi ana kiran azahar. Ummulkhair ba ta zo taron nan ba, tana can tana taya ɗora kaya. Saƙo ɗaya ta ba mahaifinta ya kawo mini, kuma tun da ku kuka gina ɗakin, ku ya kamata in isar wa. Ta ce kujerarta ta bakin taga tana da iska, allonta kuma ba ya ciwon ido, a ba wata.

Na gode.